Kiwon lafiya a karkara: rijiya ta bayar, kada guga ya hana

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Manomin da masassara ta kayar a tsakiyar damana ya yi asarar noman shekara, uwar da ta yi mako guda tana jinyar yaro ta bar gonarta ga ciyawa, kuma gidan da aka sayar da akuya domin sayen magani ya shiga rani hannu wofi. Saboda haka batun kiwon lafiya a karkara batu ne na cimaka, na tattalin arziki da na ci gaban ƙasa baki ɗaya. A yau muna so mu dubi wannan batu daga Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, domin abin da ya shafe ta ya shafi ƴan uwanta na Agye da Gazawa da sauran karkarar ƙasarmu.

Cadakori da tsanin kiwon lafiya

Bisa ƙidayar jama'a ta shekarar 2012, ƙaramar hukumar Cadakori tana da mutum sama da dubu 100, gundumar Gidan Rumji kuwa ta haura dubu 500. Yau adadin ya wuce haka nesa ba kusa ba, domin jihar Maraɗi tana cikin jihohin da suka fi yawan haihuwa a Nijar. Bayan haka, daga shekarar 2019 dubban ƴan uwanmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallako iyaka suna gudun ƴan bindiga, kuma Cadakori na ɗaya daga cikin wurare uku da hukumomi tare da hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka zaunar da su, sauran biyun su ne Garin Kaka da Dan Daji Makau. Mutanen Gobir sun karɓi baƙi hannu biyu, kamar yadda suka gada. Amma baƙo da ɗan gari rijiya ɗaya suke sha, likita ɗaya suke zuwa, sauro kuma ba ya tambayar takardar haihuwa.

Tsarin kiwon lafiya na ƙasarmu kamar tsani yake. A matakin farko akwai wakilin lafiya na gari, wanda jama'a suka zaɓa daga cikinsu. Sama da shi akwai ɗakin shan magani na ƙauye, sannan likitar CSI wadda majo ke riƙe da ita, sannan asibitin gunduma a Gidan Rumji, daga nan sai manyan asibitocin birnin Maraɗi da na Yamai. Ƙididdigar ma'aikatar kiwon lafiya ta daɗe tana nuna cewa wajen rabin ƴan ƙasa ne kawai ke zaune a tazarar da ba ta wuce kilomita 5 da gidan likita ba. Ga sauran rabin, matakin farko shi ne kusan komai. Ra'ayinmu a nan shi ne: ran yaron karkara a matakan ƙasa na tsanin ake ceto shi ko a rasa shi, kuma waɗannan matakan ba gini suka fi buƙata ba, sun fi buƙatar magani a kan kari, da ma'aikacin da ake biya, da shugaban da ke zuwa duba aiki.

Abin da Maraɗi ta koya wa duniya

Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne a jiharmu, a nan aka haife shi. Tun cikin shekarun 1960, ma'aikatan lafiya tare da na wayar da kan manoma suka soma kafa ƙungiyoyin lafiya na ƙauye a jihar Maraɗi. Gari zai taru ya zaɓi masu agajin farko daga cikin magidanta, ya zaɓi ungozomomi daga cikin dattijan mata, a kai su likita a horar da su na ƴan kwanaki, a sallame su da akwatin magani. A cikin akwatin akwai nivakin na masassara, da asfirin, da maganin zawo, da na ciwon ido, da na wanke miki. Ungozoma kuma ta koyi wanke hannu, da yanke cibiya da reza mai tsabta, da gane naƙudar da ta fi ƙarfinta domin ta tura mace likita tun da sauran lokaci. Ba albashi suke karɓa ba. Kuɗin da aka samu daga sayar da ƙwayoyi shi ake sake cika akwati da shi, ƙarƙashin idon wani ɗan kwamiti na gari.

Labarin wannan aiki ya kai Janeba. A shekarar 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta buga wani littafi ƙarƙashin jagorancin Dokta Kenneth Newell game da yadda jama'a ke ɗaukar nauyin lafiyarsu da kansu, kuma a cikinsa akwai babi sukutum a kan ƙungiyoyin lafiya na ƙauyukan Maraɗi, wanda Fournier da Djermakoye suka rubuta, kafaɗa da kafaɗa da labarin ƙasar Sin da Tanzaniya da Indiya. Shekara uku bayan haka, a watan Satumba na 1978, ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince da manufar kiwon lafiya matakin farko, da burin lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000. Ashe manoman Gobir da Katsinar Maraɗi suna cikin waɗanda suka share wa duniya wannan hanya.

To, me ya sami akwatunan? Ba jahilci ya kashe su ba. Muddin majo yana samun mota da mai yana zagayawa, yana duba littafin mai agaji, yana gyara masa kuskure, yana kawo sabon magani, aiki na tafiya. Da tattalin arzikin ƙasa ya tsuke a shekarun 1980, bayan faɗuwar kasuwar yuraniyom, sai zagayen ya ja baya, akwati ya ƙare ba a cika ba, mai agaji ya ga yana barin gonarsa a banza, ya tafi cin rani kamar kowa. Itacen da aka dasa aka daina ba shi ruwa, ba a zargin iri idan ya bushe.

Daga biyan kuɗi zuwa magani kyauta

A shekarar 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa marar lafiya zai riƙa biyan wani abu, domin likita ta sami kuɗin sake sayen magani. Nijar ta gwada tsarin a Boboye da Say, sannan ta kafa masa doka a 1995, shekara guda bayan karyewar darajar sefa ta Janairun 1994 wadda ta tsawwala kuɗin duk maganin da ake shigowa da shi. Tsarin ya mayar da magani cikin kantocin likita, wannan gaskiya ne. Sai dai ya kori talaka daga bakin ƙofa, musamman a watannin da rumbu ya yi ƙasa, waɗanda kuma su ne watannin da ciwo ya fi yawa.

Daga shekarar 2001, a ƙarƙashin shirin musamman na Shugaba Mamadu Tanja, aka soma gina ɗakunan shan magani a ƙauyuka da kuɗin sassaucin bashi, har suka kai wajen 2,000 cikin ƴan shekaru. A 2005, shekarar da yunwa ta girgiza jihar Maraɗi har ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar, gwamnati ta mayar da fiɗar haihuwa kyauta. A 2006 ta ƙara da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tsarin tazarar haihuwa. Sakamakon bai ɓoyu ba. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa daga 1998 zuwa 2009 mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauka daga 226 zuwa 128 cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai. Abubuwan da suka kawo wannan nasara ba manya ba ne: gidan sauro, allurar rigakafi, sinadarin bitamin A, ruwan gishiri da sukari na zawo, jinyar tamowa, da kai yaro likita da wuri saboda likitar ta matso kusa kuma ba a tambayar kuɗi.

Inda guga ke hanawa

Ga inda gizo ke saƙar. Magani kyauta ga uwa ba kyauta ba ne ga likita. Majo zai duba yaro, ya ba shi magani daga kantinsa, ya rubuta takarda, a tara takardun a aika gunduma, daga can su wuce Yamai, sannan a jira baitulmali ya biya. Idan kuɗin ya dawo da wuri, sai a sayi sabon magani, guga ya sake komawa rijiya. Idan ya yi jinkiri, kanti ya bushe. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun nuna tun shekarun farko na wannan tsari cewa jinkirin yakan kai watanni masu yawa, wani lokaci ya haura shekara, har bashin da likitoci ke bin gwamnati ya kai miliyar da dama na kuɗin sefa.

Kowa ya san abin da ke biyo baya. Uwa ta taso da asuba a kan amalanke ko kabu-kabu, ta isa likita, a duba yaro kyauta, a miƙa mata takardar sayen magani a waje. Ba ta da kuɗin, ko kuma kantin magani mafi kusa yana can wani gari. Karo na biyu ba za ta wahalar da kanta ba, za ta tsaya wurin mai tallar ƙwayoyi a kasuwa, wanda ke sayar da maganin da rana ta gasa, wanda ba a san inda aka yi shi ba, kuma gwargwadon kuɗinka gwargwadon ƙwayarka. Sai ciwo ya ci ƙarfin yaro, jini ya ƙare, a kwashe shi zuwa Gidan Rumji ko Maraɗi a makare. Abin da ƙwayoyin kwana uku za su warkar a ƙauye ya koma neman jini da gado a asibiti, da kuɗi ninkin ba ninkin, kuma sau da yawa a dawo da gawa. Sannan ma'aikacin da ba shi da laifi shi ke shan zagi, jama'a na cewa ya karkatar da magani.

A watan Agusta na 2024 gwamnati ta ɗauki wani mataki na rage kuɗin jinya da rabi a likitocin gwamnati, ta kuma mayar da haihuwa kyauta. Mataki ne da talaka ya yi maraba da shi, kuma ya cancanci yabo. Amma duk dalar da aka ɗauke wa marar lafiya, dala ce da ta fita daga asusun likita, kuma tilas wani ya mayar da ita. Darasin 2006 yana nan a gabanmu: alherin da aka yi shela a Yamai ba ya isa Cadakori sai an biya kuɗinsa a kan kari.

Shaidar cewa matakin ƙasa na aiki

Wanda ke shakkar abin da ɗan ƙauye mai ɗan horo zai iya, ya dubi misalai uku. Na farko, rigakafin masassarar cizon sauro na damana. OMS ta amince da shi a 2012, bayan gwaje-gwaje sun nuna yana kare wajen kashi uku cikin huɗu na kamuwa da masassara, kuma gundumar Gidan Rumji na cikin wuraren farko da aka soma shi a Nijar a 2013, tare da Madarunfa da Magarya da Madawa da Buza. Sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba, ana ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 magani: na ranar farko a gaban mai rabawa, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa. Duk aikin a kan ƙafar ƴan gari da amanar iyaye mata yake tafiya.

Na biyu, awon damtse. A gundumar Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da ɗan zare mai launi uku, kuma aka tarar suna gano tamowa daidai da yadda ma'aikata ke ganowa, har ma da wuri, domin kullum suna tare da yaran. Idan zaren ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, uwa ta san ranar zuwa likita ta yi, ko da ba ta taɓa shiga lakwal ba.

Na uku, kurkunu. A binciken 1991 an ƙidaya masu ɗauke da shi sama da dubu 30 a Nijar. Babu allura, babu ƙwaya da ke maganinsa. Ƴan sa kai na ƙauyuka ne suka raba matatar ruwa, suka hana mai kurkunu shiga tabki, suka riƙa kai rahoto wata bayan wata, har OMS ta tabbatar a 2013 cewa ƙasarmu ta rabu da shi. Me ya haɗa waɗannan nasarori uku? A kowace an kai kayan aiki a kan lokaci, an ba ma'aikaci ɗan abin hasafi, an kuma bi sawunsa.

Masu cewa babu hali

Za a ce mana aljihun gwamnati ba shi da zurfi, ga nauyin tsaro, ga raɗaɗin takunkumin da aka ɗora wa ƙasa daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, ga kuma taimakon waje da ke janyewa, musamman tun da Amurka ta rufe hukumarta ta USAID a 2025. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne ma babban dalilinmu. Mai kuɗi kaɗan shi ya fi kamata ya san inda zai sa su. Gwajin jini na gaggawa da ƙwayoyin masassara na yaro ɗaya ba su kai kuɗin kwana guda a gadon asibiti ba. Ƙasar da ta ɗaura aniyar tsayawa da ƙafarta ba za ta bar maganin ƴaƴanta a hannun baƙin da ke zuwa da shiri na shekara uku su naɗe tabarma ba, domin kwaɗon wani ba ya cika maka tulu. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya. Ko ba a kai can yau ba, a tsare kason magani na matakin ƙasa kamar yadda ake tsare albashi.

Wasu kuma za su ce laifin mutanen ƙauye ne, sun fi yarda da boka da wanzami. Mu ba mu musanta cewa akwai gyara a nan ba. Har yanzu akwai magidancin da mace ba ta isa ta fita da yaro ba sai ya dawo daga kasuwa, akwai mai ɗaukar gidan sauro ya rufe lambu da shi. Amma tarihi ya nuna cewa da aka ɗauke kuɗi aka kawo magani, iyaye mata sun cika likitoci maƙil. Jama'a na bin inda suka ga sauƙi. Kantin da ke cike shi ne babban mai wa'azi.

Kowa da nasa kaso

Gwamnati ta biya likitoci kuɗin jinyar kyauta cikin wa'adin da kowa ya sani, a soma da na karkara, kuma maganin damana ya isa gunduma tun watan Mayu ko Yuni, kafin ruwa ya yanke hanyoyi. Ta tabbatar wa wakilan lafiya na gari da masu riƙe da ɗakunan shan magani haƙƙinsu wata wata, kada abin da ya sami masu agajin farko na jiya ya same su.

Hukumar lafiya ta gunduma ta mayar da zagayen duba aiki farilla, a ware masa mai da abin hawa, domin majon da ba ya leƙa ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa bai san abin da ke cikin akwatunansu ba. Masu riƙe da ragamar ƙaramar hukuma kuma su sa lafiya cikin kasafinsu da gaske: ruwa a likita, wutar hasken rana domin firjin allura da ɗakin haihuwa, da masaukin da ungozomar gwamnati za ta yarda ta zauna a ciki.

Jama'ar gari su ma da nasu. Fiɗar haihuwa kyauta ce, amma man motar da za ta kai mace Gidan Rumji ko Maraɗi da tsakar dare ba kyauta ba ne, kuma zubar jini ba ya jiran a sayar da rago. Wasu gundumomin ƙasarmu sun gwada tara dala ashirin, wato faran 100, domin asusun kwasar marasa lafiya, kuma ya yi amfani inda aka riƙe amana. Jihar da ta haifi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, waɗanda tsarin asusunsu ya bazu ƙasashe da dama, ba za a koya mata riƙon akwati ba. A sa mata cikin kwamitin kula da likita, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Sarakuna da masu gari da limamai su ja hankalin magidanta, kamar yadda makarantun mazaje da aka soma a jihar Damagaram suka nuna yana yiwuwa, kowane miji ya ba iyalinsa izini tun kafin ciwo ya zo: in jikin yaro ya yi zafi, a tafi likita ranar nan, ko yana gida ko ba ya nan.

Ƴan uwa, iyayenmu na Maraɗi sun nuna wa duniya hanya da akwatin katako da ƴan ƙwayoyi, a zamanin da babu wayar hannu, babu gwajin jini na minti goma sha biyar, babu rigakafin damana. Mu da muka sami duk waɗannan ba mu da hujjar barin yaron Cadakori ko na Agye ko na Gazawa ya mutu da ciwon da maganinsa ke ajiye a Yamai. Rijiya ta riga ta bayar. Abin da ya rage shi ne igiya mai ƙarfi da guga marar huji, da hannuwan da ba su gajiya da ja. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari, amin.